Yadda Gidan Yayana Ya Samu Tayil

Matar yayana nas ce, kuma ita ta samo mini aikin tuƙa motar asibitinsu, abin da ba ta taɓa bari na manta ba. A gida ina ce mata Yaya, tana ce mini Auta. Da mun shiga ƙofar asibiti sai ta koma Sista, ni kuma na koma Direba, kamar ba jiya da yamma na cinye mata abinci a falo ba. Shekara goma sha bakwai muna a haka. Ko mu biyu ne a mota, in dai motar asibiti ce, Direba nake.

Gajeriya ce mai jiki, ga murya. In ta kira mara lafiya daga ɗakinta, na bakin titi ma sai ya waiwayo. Ɗakin nata shi ne na ƙarshe a baranda, ɗakin masu tarin fuka. Benci biyu ne a ciki, da tebur, da butar ruwa da kofuna, da taga wadda ba a rufewa komai sanyi, sai wani babban littafi mai baƙin bango da ba mai taɓa shi sai ita. Maganin wannan tari wata shida ake shan sa, kullum, ba fashi. Wanda ya ji sauƙi ya daina a tsakiya, ciwon dawowa yake, kuma wanda ya dawo ɗin ba ya jin maganin farko. Shi ya sa Sista ba ta ba kowa ƙwaya ya tafi da ita gida. Za ka zo da safe, ka haɗiye a gabanta, ka buɗe baki, ka ɗaga harshe, sannan ta yi alama a littafi. Na taɓa gani da idona ta sa wani tsohon shugaban makaranta, da furfurarsa da komai, ya ɗaga harshe sau biyu don ba ta gamsu da na farko ba.

Abin alfaharinta ɗaya ne a duniya, kuma ba 'ya'yanta ba ne. Shekara ashirin da tara tana wannan ɗaki, ba a taɓa samun wanda ya fara magani a hannunta ya gudu ba. Wasu sun rasu, wannan na Allah ne. Amma gudu, babu. Saura mata shekara ɗaya ta yi ritaya, kuma ta ƙudura a ranta da haka za ta miƙa littafin.

Ra'ayinta a kan baƙin da ke shigowa ƙasa ba takarda kuwa, ba ɓoyayye ba ne, don bayan cin abinci take yaɗa shi.

"Ni fa ba ƙin su nake ba," haka take farawa, kuma duk wanda ya san ta ya san in ta fara da haka to akwai magana. "Amma mutum ya tsallako ƙasa da ƙasa, ba izini, ba katin shaida, ba adireshi, ya zo ya zauna a bencin da na gida ke jira? Gobe ka neme shi sama ko ƙasa ka rasa. Ni ba na aiki da wanda ba zan iya nemo shi ba."

Yayana, wanda tsohon malamin makaranta ne, sai ya gyaɗa kai daga bayan jarida. Shekara talatin na aure sun koya masa cewa gyaɗa kai ba ya jawo ƙarin bayani.

A asibitin ma kowa da nasa. Mai Kati, wanda ke buɗe wa marasa lafiya fayil, dokarsa guda ce: ba shaida, ba kati. Likita ya ce ciwo mai yaɗuwa ana yi wa kowa maganinsa, haka tsarin yake, amma don Allah kada a jawo masa magana. Ƙananan nas-nas kuwa tausayi fal bakinsu, sai dai da zarar irin wannan baƙo ya shigo, kowace sai ta tuna tana da aiki a sito.

Wata Litinin da safe ina wanke mota, wasu mutum biyu suka riƙo wani suka shigo da shi, suka zaunar da shi gaban Mai Kati, suka juya ba ko sallama. Dogo ne, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, hannuwansa sun yi fari fat da siminti. Aikinsa saka tayil ne a gine-gine, shi ya sa har yau Mai Tayil muke ce masa. Mai Kati ya nemi shaida, babu. Ya fara karanto masa doka ke nan mutumin ya yi tari.

Yadda nake jin ƙarar inji in san abin da ya lalace, haka Sista take da tari. Daga can ƙarshen baranda muka ji muryarta.

"Wane ne wannan?"

"Ba shi da takarda, Sista."

"Takarda na tambaye ka? Turo mini shi."

Aka yi gwajin kaki, ya nuna tarin fuka ne. Ta buɗe baƙin littafi ta sa shi a ciki. A gurbin adireshi ta rubuta abin da ya faɗa: benen da ake ginawa, mai hawa huɗu, bayan gidan mai. Da ta fito ta gan ni ina murmushi, sai ta haɗe rai.

"Direba, rufe bakinka. Ba tausayi ba ne. In na bar shi ya fita, gobe jikokina zai yi wa tari a motar haya."

Na ce ai ni ban ce komai ba.

Wata biyu Mai Tayil yana zuwa, shi ne na farko a benci kullum. Harshenmu bai gama zama a bakinsa ba, amma yana ji sarai. Mama yake ce mata. Ta gaya masa sau uku cewa Sista ake ce mata a nan, ya ce to, Mama. Ya fara cikowa, tarin ya lafa. Har ta fara kafa misali da shi ga 'yan gida masu makara, duk da dai takan ƙara da cewa wannan ɗin daban ne, kada a ɗauka duk haka suke.

Sai aka kawo wa Mai Kati kwamfuta. A cikinta akwai gurbin lambar shaida, kuma in ba a cike shi ba, ba ta wucewa gaba. Bawan Allah ya yi ta fama, da ya gaji sai ya tare Mai Tayil a ƙofa ya ce masa gobe ya zo da takarda, ko wace iri ce, don masu duba aiki za su zo daga sama. Shi a ganinsa taimako ya yi.

Washegari benci ba Mai Tayil. Jibi ma haka.

To a tsarin asibiti, in mara lafiya ya yi fashin kwana biyu, bin sa ake har gida. Mun yi wannan sau ɗari, kuma mun san yadda ake yi. Ana ɗaukar farar motar nan mai tambarin hukuma a ƙofa. Ana sa riguna masu ɗaukar ido a kan farin kaya, don mutane su san aiki ne ya kawo mu, ba yawo ba. Ana riƙe fayil a hannu. Mai Kati ma ya ce zai raka mu don ya wanke laifinsa, ya ɗauko hularsa mai baki. A unguwannin da muka saba zuwa, wannan shiga ita ke sa a shimfiɗa mana tabarma. Ba wanda ya tsaya ya yi tunani a cikinmu, mu ukun nan.

Nawa laifin shi ne, da muka zo kwanar gidan mai wata motar yashi ta tare hanya, sai na ɗan taɓa jiniya. Sau ɗaya tak. Muka tsaya a gaban benen, Sista ta fito, ta buɗe fayil, ta ɗaga kai sama ta ƙwala kiran sunansa da muryar nan tata.

Ban taɓa ganin mutane sun watse haka ba. Wani ya diro daga hawa na farko cikin tulin yashi. Wasu suka bi ta taga, wasu suka haura katangar baya, wani ya ranta a na kare da bokiti a kansa, ya manta bai ajiye ba. Kafin ta rufe baki, gini mai mutum kusan talatin ya zama kango. Muka shiga muka tarar da tukunyar shinkafa tana tafasa, rediyo yana ta magana shi kaɗai, ga takalmi ƙafa ɗaya a kan matakala. Sista ta tsaya tana kallon tukunyar. Can ta sunkuya ta rage wutar.

A hanyar dawowa, da muka kusa asibiti, ta juyo ta dube ni.

"Jiniyarka ce," in ji ta.

"Sista, da girmanki. Ni na kira sunan mutum a bainar jama'a da fayil a hannu?"

Da yamma a gida ta kasa cin abinci. Ta ce da ni, "Auta, sun ɗauka jami'an shige da fice ne mu. Ni. Ni da na kusa shekara talatin ina bin mutane da magani." Na so in tsokane ta, amma na ga abin ya taɓa ta sosai, sai na bari.

Kwana biyu muna komawa a ƙafa, ba wanda ya yarda ya san shi. Sai ta yi wani tunani: mai saka tayil dole ya sayi garin da ake cike tsakanin tayil da shi, kuma shago ɗaya ne ke sayar da kayan gini a wannan layin. Ta cire farin kaya, ta sa rigar gida da mayafi da silifas, na ajiye ta nesa na bi bayanta a ƙafa, ta je ta zauna a kan buhun siminti a bakin shagon. Ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Ba wanda ya russuna mata, ba wanda ya ce sannu Sista. Wani ma ya ce, "Baba, ɗan matsa mana," ya wuce da baro. Mai shagon ya ɗauka tsohuwa ce da ta kasa zaɓar launin fenti.

A rana ta huɗu ya zo. Tun kafin ya gane ta, ta cafke masa wuyan hannu, kuma ni da na san ta na ga yatsunta biyu a kan jijiya suke, tana faɗa tana ƙirga bugun.

"Kwana tara! Ka san abin da kwana tara ke yi? So kake ka mutu a ƙasar mutane?"

"Mama, motar..."

"Motar ta wancan ce," ta nuna ni, "shi da jiniyarsa. Buɗe baki."

Ta ciro ƙwaya da gorar ruwa daga jaka. A nan bakin titi, gaban masu dako, ya haɗiye, ya buɗe baki, ya ɗaga harshe.

Daga ranar asibitin Mai Tayil ya koma bayan shagon kayan gini. Kullum ƙarfe shida da rabi na safe ina kai ta, ta ba shi magani, sannan mu wuce ta sa farin kaya. Likita ya ce shi dai bai san da wannan ba, amma a ƙara kwana taran nan a ƙarshe. A gida kuma ba ta fasa jawabinta na bayan cin abinci ba. Sai dai yanzu in ta ce ba ta aiki da wanda ba za ta iya nemo shi ba, yayana kan sauke jarida ya kalle ta ta saman tabarau, sannan ya mayar.

Saura sati biyar ya gama magani, aikin benen ya ƙare. Ɗan kwangila zai kwashi ma'aikatansa zuwa wani gari mai nisa, kuma wanda bai bi ba, ba shi da abinci. Sista ta buga wa nas ɗin asibitin can waya don a ci gaba da ba shi magani. Ina tsaye na ji amsar: ba sa karɓar irin waɗannan, sai da shaida. Abin da Sista ta faɗa wa matar nan ba zan maimaita ba, amma a ciki har da tambayar a wace makaranta aka koya mata aiki.

A sitonmu na gida akwai katan-katan na tayil da yayana ya saya shekara takwas da suka wuce, yana jiran abin da yake kira lokacin da ya dace. Da yammar nan ta sanar da shi cewa lokacin ya yi, kuma Mai Tayil ne zai saka.

"A gidan nan?" in ji shi. "Mai tarin? Kuma ba takarda? In aka zo fa?"

"Malam, tarinsa ya daina yaɗuwa tun tuni, ni na sani. In aka zo kuma, ni za a tarar a ƙofa."

Ya gyaɗa kai.

Lissafinta shi ne aikin zai ci sati biyar. Ba ta san da wa take yi ba. Mutumin nan in ya durƙusa, hannunsa ba ya tsayawa. Kwana uku ya gama falo. Ta kafa dokar hutun awa biyu bayan shan magani. Ta hana aiki bayan azahar, wai ƙura. Ta riƙa aiko masa da shayi sau huɗu a wuni, ta ce sai ya zauna zai sha. Duk da haka a kwana goma sha biyu ya gama ɗakuna da kicin da banɗaki, ya wanke kayan aikinsa, ya ce gobe zai bi 'yan uwansa. Saura kwana ashirin da uku na magani.

Ranar Asabar ce da safe, ina gidan. Ta zagaya falo tana taka tayil ɗin da ƙafa, tana taɓe baki.

"Wannan aikin ya karkace," ta ce. "Nan ya fi can tudu. Banɗakin ma ruwa zai kwanta. Cire za ka yi ka sake."

Ya buɗe jakarsa ya ɗauko sandar awonsa, mai ɗigon ruwa a tsakiya, ya ɗora a ƙasa. Ɗigon ya tsaya a tsakiya cak. Ya matsa gaba ya sake ɗorawa, ya bi falon kusurwa kusurwa. Sannan ya ɗebi ruwa a kofi ya shiga banɗaki ya zuba a bakin ƙofa, muka bi ruwan da ido har ya gangara ya shige rariya, ko ɗigo bai tsaya ba. Ya miƙe.

"Mama, in maganar magani ce, ki ce magani. Kada ki ce aikina ya karkace. Ba ni da kati, ba ni da komai da zan nuna wa mutum a ƙasar nan. In an ce wane ne kai, ƙasan ɗaki nake nunawa."

Na kalli Yaya, ina jiran tsawa, don ba a taɓa mayar mata da magana a falonta ba. Sai na ga ta nemi hannun kujera ta zauna.

"Aikinka bai karkace ba," ta ce a hankali. "Ƙarya na yi, ka yafe ni. Saura kwana ashirin da uku. In ka tafi yanzu ciwon zai dawo, kuma can ba wanda zai karɓe ka. Ba na so ka mutu, ɗana. Ka zauna, don Allah."

Shekara talatin da na san ta, ban taɓa jin ta ce wa mara lafiya don Allah ba.

Ya leƙa waje. Can ya ce, "Barandar waje ba tayil."

"Babu."

"Akwai gutsattsarin da suka rage. Amma aikin gutsattsari yana da cin lokaci, Mama."

"Ya ci," in ji ta.

Ya zauna. Tayil huɗu yake sakawa a wuni, yana juya kowane kamar mai zaɓen ƙwai a kasuwa. Yayana, mai tsoron a zo, shi ya koma ɗauko kujera yana zama kusa da shi, suna jin ƙwallo a rediyo suna gardama, kowa da rabin harshen ɗan uwansa.

Ranar da ya haɗiye ƙwayar ƙarshe, da ƙafarsa ya shigo asibiti, ya wuce ta gaban Mai Kati da kwamfutarsa, ya ba da kaki. Bayan kwana biyu sakamako ya fito. Sista tana cikin farin kayanta, benci cike da mutane. Ta ɗaga 'yar takardar ɗakin gwaji ta karanta da ƙarfi yadda take yi wa kowa.

"Babu komai. Ka warke. Tashi ka ba wasu wuri."

Ya tashi, amma bai tafi ba. Ya nuna takardar.

"Mama, ko zan samu wannan?"

"Wannan ta fayil ce. Ba a fita da ita."

"Shekara shida ina ƙasar nan," ya ce. "Ita ce takarda ta farko da aka rubuta wani abu a kaina."

Ta dubi takardar, ta dube shi. Ta jawo aljihun tebur ta ɗauko hatimin asibiti, ta hura masa iska, ta buga da ƙarfi har kofuna suka motsa. Ta sa hannu a ƙasa, da cikakken sunanta da muƙaminta, ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya fara ninkewa zai sa a aljihun ƙirji.

"Ba ta kan hatimin ba!" ta daka masa tsawa. "Kawo nan in ninke maka."